Difar da Ban Ɗaura Ba

Ku 'ya'yana, kun taso kun tarar ni da baffanku Alhaji Lawal, Allah ya jiƙansa, ba ma zama inuwa ɗaya, kuma na san kowannenku ya ji nasa bayanin a bakin mutanen gari. Wasu sun ce muku gado ne ya raba mu. Babu wani gado. Tsohonmu jakuna uku ya bari da gona ɗaya a hanyar Kusa, kuma har yau tare ake noma ta. Wasu sun ce hassada na yi masa da Allah ya buɗa masa. Wannan kuwa Allah ne shaida. Abin da ya shiga tsakaninmu wani ƙarfe ne da bai fi tukunyar miya girma ba, sai kuma wata magana da na faɗa a kansa wadda ba gaskiya ba ce. Uwarku Hajara ta sani, ta riƙe bakinta har ta koma ga Mahaliccinta. Yanzu da hannuna ba ya iya riƙe sifana, gara ku ji daga bakina.

Shekarar da nake nufi ita ce wadda ta biyo bayan ariyas ɗin ma'aikata, lokacin da kuɗin mai suka sauko wa ƙasar nan kamar ruwan tsakiyar damina. Ba a daɗe da fita daga fari ba, har lokacin akwai Buzaye zaune a bayan gari waɗanda raƙumansu suka ƙare, amma a kasuwar Lahadi sai ka ga malamin makaranta yana taya babur sabo fil. Ni ina da gareji a gefen hanyar da ta nufi bakin iyaka, rumfar kwano ce da rami ɗaya. Filin na Yaya Lawal ne, shi ya ba ni, shi ne kuma ya kai ni koyon kanikanci a Katsina bayan rasuwar tsohonmu. Ku riƙe wannan, don in ba ku riƙe shi ba ba za ku gane sauran ba. Ya girme ni da shekara tara. Ban taɓa zama a kan kujera yana tsaye ba, ban kuma taɓa ce masa a'a ba.

A harabar kwastan akwai wasu akwatunan katako guda uku da suka shekara rana na dukansu. An ce wani babban ma'aikaci ne ya yi odarsu daga Ingila, suka biyo ta ƙasar Faranshi, wato maƙwabtanmu na tsallaken iyaka, saboda cunkoson jiragen ruwa a Ikko, kafin su iso an yi masa ritayar dole, bai ƙara waiwayarsu ba. Da aka yi gwanjo babu wanda ya taya, don an leƙa an ga kamar mota amma babu inji, babu giya, babu taya. Ni na saya, mutane suna dariya. Abin da ke ciki shi ne gangar jikin mota ta wani abu mai kama da roba, ja wur, mutum biyu sai su ɗaga ta, da ƙarafan shasi, da gilas, da kujeru biyu, da buhunan notuna kowanne da lambarsa. Irin motar nan ce da Turawa ke sayarwa gunduwa-gunduwa, kai ka nemo inji da sauran kayan ciki daga tsohuwar mota ka haɗa abarka da hannunka. Akwai wata akori-kura da ta faɗi a hanyar Bugaje, gaba ɗaya jikinta ya lotse amma cikinta lafiya lau. Ita na fede na kwashe kayan cikinta.

Akwatin ya zo da littafi, Turanci zalla. Ni Turancina bai wuce sunayen ƙarafa ba. Uwarku kuwa ta gama firamare bakwai, don ubanta malamin asibiti ne. Sai ya zama bayan la'asar na shigo gida, ta shimfiɗa tabarma a gindin dalbejiya, tana karantawa tana fassarawa, ina bin hoton da yatsa. Ita ta san Turancin ba ta san ƙarfen ba, ni na san ƙarfen ban san Turancin ba. Wani wurin sai mu yi ta gardama, ta ce littafi ya ce kaza, in ce wanda ya rubuta littafin bai taɓa ganin rairayin Jibiya ba. Kakarku Inna tana gefe tana kaɗi, ba ta ɗaga kai, sai dai ta jefo magana.

"Sanda, wagga aba taka yaushe za ta tashi? Ko jaririn raƙumi bai daɗe haka a ciki ba."

Sanda take ce mini, kamar yadda ake ce wa kowane Ummaru. Yaya kuwa ba ta taɓa kama sunansa ba, ɗan fari ne; sai dai ta ce "wancan" ko "yayanka".

Wata goma sha ɗaya na yi a kanta. Ranar da ta tashi, rabin kasuwa ya biyo ni. Ba ta da rufi sai tamfol da na ɗinka mata, a bayan kujeru kuma na yi mata ɗan dandamali na katako da mutum zai iya kwanciya in ya naɗe ƙafa. Ga ta ba nauyi, ga injin akori-kura a cikinta, in ka taɓa totur sai ta zabura kamar an tsikari ɗan akuya. A kan kwalta babu abin da ke kamo ta. Amma ranar farko da na sauka da ita cikin rairayi ta nuna mini halinta. Tayar hagu ta samu wuri mai laushi ta shiga juyawa tana haƙa rami, ta dama tana tsaye ƙyam kamar ba da ita ake ba.

Bari in yi muku bayanin wannan, don wasunku likitoci ne da malamai, ba ku taɓa kwanciya ƙarƙashin mota ba. Tsakanin tayoyin baya akwai wata tukunyar ƙarfe mai haƙora a ciki, mu kanikawa muna ce mata difa. Ita ke raba ƙarfin inji ga tayoyin biyu, ta bar ta waje ta fi ta ciki gudu in an sha kwana. Aibinta ɗaya: ƙarfi yana bin wurin da ya fi sauƙi. Duk tayar da ta rasa abin kamawa, ita za ta kwashe ƙarfin duka tana wulwulawa a banza. Masu bin daji a lokacin sukan yi wa difa walda su haɗe ta gaba ɗaya, amma wannan cin taya ne da karya aksul, kuma mota mara nauyi irin tawa in aka yi mata haka ba za ta sha kwana ba sai dai ta yi tsalle. Akwai kuma wata irin difa ta daban, mai wasu faifai a ciki kamar na kuloci. In taya ɗaya ta fara zamewa, faifan sai su damƙe, su tura ƙarfi ga wadda ke kan ƙasa mai tauri. Ni a littafin nan na fara jin labarinta. Uwarku ta karanta mini cewa tana da amfani a rairayi da taɓo, amma tana son man giya nata na musamman, faifanta suna cinyewa, kuma a jiƙaƙƙiyar kwalta takan sa bayan mota ya kwashe gaba ɗaya in direba ya yi gaggawar taka totur a kwana.

Ina da aboki a Maraɗi, Isufu, kanike ne shi ma, mukan yi musayar kaya. Wata Lahadi sai ga shi ya sauko daga kamyo, babbar motar kaya, da buhu a kafaɗa, ya dire a gabana yana haki.

"Ga fon ɗin da kake ta mafarki. Wasu Nasara ne sunka ƙetaro hamada, motarsu ta mutu a garin Tawa, anka fasa ta. Gidan nasa irin na motarka ne, noti bai bambanta ba. Na buɗe na duba, faifan kamar jiya anka sa su. Har da galan guda na man giyar."

Su can fon suke ce wa difa. Na kwance ta a kan buhu na wanke da kananzir, na jera faifan ɗaya bayan ɗaya a rana. Gaskiyar Isufu ne, lafiyarta ƙalau. Aikin yini biyu ne in ɗaura ta. Na yi niyyar farawa ranar Talata.

Ran Litinin Yaya ya zo. A lokacin ya bar fataucin gyaɗa ya shiga harkar mai. Fetur a wajenmu kusan kyauta ne, da an tsallaka iyaka kuwa, inda suke ce masa esansi, ya zama zinariya, ba ka buƙatar ilimi kafin ka gane lissafin. Mutane da yawa da kuke gaisarwa da girmamawa yau da haka suka tashi, kuma ban ce muku duk mutanen banza ba ne. Ya zagaya motar sau biyu, ya ƙwanƙwasa jikinta, ya tsuguna ya dubi faifan da na shanya. Ashe Isufu ya haɗu da shi a tasha ya ba shi labari.

"An ce in ka sa mata wanga abu, ba ta kahewa."

"Haka aka ce, Yaya."

"To ka sa. Manyan motoci ba su bin inda nike so, sai hanyar da duwan, 'yan kwastan ɗin can, suka sani. Wagga kuwa ko hanyar jakai ta bi. Jarka goma sha biyu a baya, ta je ta dawo da turamen atamfa kafin azahar. Kai za ka riƙa tuƙawa, ba na ba bare. Riba mu raba biyu. Shekara guda, Sanda, ka bar kwanciya cikin baƙin mai."

Ya faɗi haka da zuciya ɗaya, ku sani. Alheri yake nufina da shi. Na ce masa to, bari in ƙara duba ta.

Kwana uku ina juya maganar. Dalilan da suka hana ni suna da yawa, kuma ba duka ne masu kyau ba, zan faɗa muku su yadda suke. Na farko, ni ke gyaran motocin masu wannan harka. Na toshe hujin harsashi a ƙofar mota da hannuna. Na je na jawo ƙarfen wata da ta kama wuta a dajin Kusa, direban bai fita ba. Jikin motata kuwa ba ƙarfe ba ne, na gwada ɗan ɓallinsa a wuta na ga yadda yake ci kamar kyandir. Jarka goma sha biyu a bayan wuyana, ga uwarku da cikin 'yar'uwarku Sadiya wata shida. Na biyu, ban iya ƙarya ga jami'i ba. Na uku kuwa shi ne wanda na daɗe ban yarda da shi ba ko a cikin raina. Garejin nan na Yaya ne. Sana'ar hannuna shi ya saya mini. Auren uwarku shi ya tsaya. Motar nan ita kaɗai ce abin da na yi a duniya wanda ba a ce albarkacin Lawal ba. Na san ranar da ta ɗauki jarkarsa ta farko ta zama motar Alhaji, ni kuma direbanta.

Na kai maganar gindin dalbejiya. Uwarku ta saurara har na gama.

"To Malam, ka faɗa masa ba ka so mana."

"Ni in dubi idon Yaya in ce ba na so?"

"In ba ka iya ba, ka sa Inna ta faɗa masa."

Inna ta ajiye mazarinta. Ban manta yadda ta dube ni ba.

"Ni ba ni shiga tsakanin ɗiyana a kan ƙarhe. Amma ka ji, Sanda: a'a ɗaci gare ta yini guda. Abin da kake shirin yi, na gani a idonka, ya fi yini."

Ban ji ba. Na ga kamar na samo hanyar da ba wanda zai ji ciwo. Da Yaya ya dawo ranar Alhamis, na ce masa na buɗe ta sosai na tarar faifan sun cinye, haƙori ɗaya ya tsage, in aka ɗaura za ta watse a tsakiyar daji, kuma babu inda za a samu kayanta. Na yi masa bayani mai tsawo da sunayen ƙarafa, irin wanda kanike ke yi in yana so a ƙyale shi. Ya dube ni. Ya ce Allah ya sa haka ya fi alheri, ya tafi. Na naɗe difar a buhunta na tura ƙarƙashin teburin aiki. Na ce a raina in ƙura ta lafa, bayan shekara guda ko biyu, sai in ɗaura abata. Kun ga wautar: na hana shi, na kuma hana kaina, don muddin ƙaryar na raye ba ni da ikon ɗaura ta.

Damina ta sauka. Cikin watan da gero ya fara fitar da kai, Inna ta tafi Mazanya sunan jikar ƙanwarta. Kwana biyu da tafiyarta, da hantsi, wani mutum ya iso gareji a kan keke, gumi ya jiƙa masa riga. Ya ce tsohuwa ta faɗi wajen alwala, bakinta ya karkace, ba ta magana. Na aika aka kira Yaya. Motarsa tana Katsina ɗaukar kaya, tawa ce kaɗai a kusa. Muka jefa katifa a baya muka kama hanyar burji, wadda ke zagayawa, muka isa kafin azahar. Mun same ta kwance a ɗakin ƙanwarta, idonta biyu, tana ganinmu hawaye ya zubo ta ido ɗaya. Hannunta na dama ya saki kamar tsumma. Muka kwantar da ita a dandamalin baya, Yaya ya juya a kujerarsa ya riƙe mata kai.

Da muka fito bayan gari inda hanya ta rabu, na karya sitiyari zan koma yadda muka zo. Yaya ya ce a'a, in bi dama. Akwai hanyar da ke ratsa gulbi ta faɗa titin Katsina kai tsaye, za ta rage mana fiye da awa guda. Ya san ta kamar tafin hannunsa, mutanensa na bin ta. Na ce an yi ruwa shekaranjiya. Ya ce gulbin ya janye, jiya ma an wuce da amalanke. Na bi dama.

Gulbin ya janye ɗin, gaskiyarsa. Rairayin ya yi fari a sama, sai ɗan siririn ruwa a can gefe. Na sauka na taka da ƙafa, na rage wa tayoyi iska, na sa giya ta biyu na shiga da ɗan gudu. Mun ci kashi biyu cikin uku. Saura taku kamar ashirin mu hau gaɓa, bayan motar ya zauna ta hagu. Tayar hagu ta faɗa inda ruwa ya kwanta a ƙarƙashi, ta shiga feso jiƙaƙƙen rairayi sama. Na leƙa dama. Tayar dama tana kan wani faffaɗan dutse da ruwa ya tone, busasshe, mai kaushi, irin wurin da taya ke so. Tana zaune a kai ba ta ko motsi.

Duk dabarar da na sani na yi. Na ja birkin hannu kaɗan ko zai yaudari difar ta tura ƙarfi dama, ta ɗan yunƙura ta koma. Muka saro sabara da geza muka cusa, tayar ta haɗiye su. Na kafa jak, jak ɗin ya nutse. Muka haƙa da hannu, muna haƙawa ruwa na cikowa. Yaya ya tuɓe babbar rigarsa ya kafa ta a kan sanduna ya yi wa Inna inuwa, ya koma baya ya sa kafaɗa. Mutum mai jiki, wanda ya shekara goma bai ɗauki abin da ya fi buta nauyi ba, na ga jijiyoyin wuyansa kamar za su tsinke. Rana ta take. Inna tana wani irin numfashi mai ƙara, ƙudaje na sauka a gefen bakinta inda yawu ke zuba, ba ta iya kore su.

Can ya daina turawa. Ya zagayo ta dama ya tsaya yana kallon tayar nan da ke kan dutse. Ya daɗe. Shi ba kanike ba ne amma ba wawa ba ne. Bai ɗaga murya ba.

"Sanda. Na ga Isuhu a Maraɗi watan jiya. Ya rantse mini da Allah difar nan lahiyarta lau."

Ina nan durƙushe cikin ruwa.

"Abu guda nike tambaya. Da ka sa ta, da mun wuce?"

Zan iya cewa Allah ne masani, kuma da ban yi ƙarya ba. Zan iya cewa rairayin ya yi laushi da yawa. Amma na dubi dutsen nan, na san abin da na sani.

"Da mun wuce, Yaya."

Ya gyaɗa kai. Ya hau gaɓa da ƙafa, babu takalmi, ya nufi inda muke jin kukan shanu. Na zauna kusa da Inna ina kore mata ƙuda, ina jiƙa mata leɓe da ruwan buta. Idonta na kaina. Ban san ko ta ji abin da muka ce ba, ban kuma taɓa tambayarta ba. Sai bayan la'asar ya dawo da wani manomi da shanun huɗa biyu. Aka ɗaura igiya, ja ɗaya suka fitar da mu, kamar wasa. Muka isa asibitin Katsina ana kiran magariba.

Inna ba ta rasu a wannan karon ba. Ta yi wata guda a asibiti, ta dawo gida ɓarin jikinta na dama a shanye, ta rayu shekara uku a haka. Maganarta ta dawo kaɗan-kaɗan, kalma ɗaya, biyu. Ba ta ƙara riƙe mazari ba. Na tare likitan da ya duba ta a baranda na tambaye shi ko da mun iso da azahar da abin bai kai haka ba. Ya ce irin wannan ciwo wani lokaci awa guda tana da tasiri, wani lokaci ko a ƙofar asibiti mutum ya faɗi haka zai kasance, shi ba zai iya ce mini komai ba. Na so ya ce e ko a'a. Ko wanne ya faɗa da na san inda zan ajiye shi. Uwarku ce ta yi jinyarta, da jaririya a baya, ta yi mata wanka, ta juya ta, ta ba ta abinci a baki, ba ta taɓa ce mini "ai na faɗa maka" ba ko sau ɗaya.

Yaya bai zage ni ba, bai kore ni daga filinsa ba, bai kai ƙarata wurin kowa ba. Ya dai daina kallona. In na gaishe shi ya amsa yana duban gefe. In ya zo duba Inna, sai ya aiko a ji ko ina gida, in ina nan ya jira in fita. Ya sayi jif biyu masu bin daji, harkarsa ta bunƙasa, ya gina gidan benen da kuka sani da masallacin ƙofar gidan. Kada ku jira in ce muku wani abu ya same shi a wannan harka, babu abin da ya same shi. Direbobinsa sun yi shekaru suna bin hanyoyin nan, ko ƙwarzane babu wanda ya yi, wasunsu sun yi gidaje. Wataƙila da na bi shi da ni ma haka. Wataƙila kuma da kun tashi marayu. Na daina yin wannan lissafi, ba ya fita. Abin da na tabbata shi ne ƙin da na yi ina da haƙƙinsa, motata ce, wuyana ne. Da na ce masa a'a a fili, da ya yi fushi na mako guda ko wata guda, ni kuma da na ɗaura difata ranar Talata kamar yadda na yi niyya. Tsoron kalma ɗaya ya sa na bar ta a buhu.

Motar na sayar da ita bayan rasuwar Inna ga wani malamin kwalejin horon malamai, na haɗa masa da buhun, na ce ya ɗaura ko ya bari, ruwansa. Shekarar da na je Makka, wani ɗan kasuwa ne ya zo ya ce wani bawan Allah ya biya mini kujera, ba ya so a faɗi sunansa. Na san ko wane ne, shi ma ya san na sani. Da na dawo na kai masa dabino da zamzam, ya karɓa ya ce an gode, yana duban bango. Haka muka yi shekara ashirin da wani abu, gari ɗaya, sahu ɗaya a masallacin Juma'a.

Da ciwon ajalinsa ya kwantar da shi, sai ga aike wai in zo. Na same shi a ɗakinsa na ƙasa da hantsi, ya rame har na ga kamannin Inna a fuskarsa. Ya sa aka fita aka bar mu. Na zauna a ƙasa kusa da gado, ya ce in hau kujera, na ce nan ma ya isa. Na fara cewa ya yafe mini, maganar da na shekara ashirin ina shiryawa. Ya ɗaga hannu ya tsayar da ni.

"Kai ka ce an yi ruwa shekaranjiya. Ni na ce ka bi dama."

Na ce, "Yaya, ai gaggawa ce, kowa zai..."

"Bari in gama. Da mun bi burji da mun isa kafin la'asar. Na sani tun muna cikin gulbin. Duk ranar da na dube ka, ita nike gani kwance ƙarƙashin rigata. Na ga ya fi mini sauƙi in bar shi a kanka."

Wallahi, 'ya'yana, ban taɓa kawo wannan a raina ba. Shekarun nan duka ina ɗauke da kayana, ban lura shi ma yana ɗauke da nasa ba, muna wuce juna a hanya kowa ya sunkuyar da kai. Na kama hannunsa, ya bar mini shi. Muka zauna haka, ana ta hayaniyar yara a tsakar gida, wata mata tana daka.

Can ya ce, "Sanda, ɗan ɗaga ni, bayana ya gaji."

Na sa hannu ƙarƙashin kafaɗarsa na ɗaga shi. Ba shi da nauyi ko kaɗan. Na gyara masa matashi, na jingina shi, ya dube ni sosai, ido cikin ido, ya ce ashe na yi furfura haka.